Motar Ɗaga Kaya da Haƙƙin Wanda Aka Ɗora a Kanta

Dattawan da suka riski zamanin dalar gyaɗa a Kano suna ba da labarin yadda ƙarti ke hawa da buhu a ka, wannan na bin wancan, tun daga hantsi har la'asar, har dala ta kai tsayin da ake so, ba da taimakon wata na'ura ba sai ƙarfin wuya da na gwiwa; kuma har gobe, wanda ya shiga Dawanau ko kasuwar Singa zai tarar galibin kayan da ke sauka daga tirela a kan 'yan dako suke sauka. Amma wanda ya leƙa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa, ko tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Kaduna cikin 2018, ko ta Dala da aka buɗe a Zawaciki cikin 2023, balle wanda ya je tashar jiragen ruwa ta Apapa, zai ga wata 'yar gajeruwar mota mai yatsun ƙarfe biyu a gaba, tana zura su ƙarƙashin kayan da mutum 20 ba za su iya ciccibawa ba, ta ɗaga, ta juya, ta je ta aza su bisa waɗansu can kusa da rufi. Ita ce motar ɗaga kaya, wadda ma'aikata ke kira foklif. Fa'idarta ba ta buƙatar hujja, domin ta hutar da bayan talaka daga wahalar da ta karya na iyayensa. Abin da ke buƙatar bayani shi ne halinta, wanda mutane da yawa, har da waɗanda suka shekara suna tuƙa ta, ba su taɓa samun wanda ya zauna ya warware musu shi ba.

Asalinta daga Amurka ne. Cikin 1917 kamfanin Clark da ke jihar Mishigan ya ƙera wata 'yar mota don jigilar kaya a cikin masana'antarsa, baƙi suka gani suka nemi a yi musu irinta. Cikin 1923 kuma kamfanin Yale ya fito da mai aiki da lantarki, mai yatsu da ginshiƙin da ke ɗaga kaya sama. Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka rasa hannayen da za su loda jirage da kayan soja, shi ya yaɗa ta tare da falet, watau dandamalin katakon nan da ake jera kaya a kai don yatsun su sami wurin shiga. Daga baya Japan ta shiga sana'ar, har Toyota ta soma ƙera tata cikin 1956.

Wanda ke son fahimtar wannan mota sai ya kawo mizani a zuciyarsa, irin mai faranti biyu da ake awo da shi, domin a kan wannan hikima aka gina ta. Tayoyin gaba su ne tsakiyar mizanin. Kayan da ke bisa yatsu su ne faranti guda. Ɗayan kuwa jikin motar ne, da inji ko batir, da wani ƙaton curin ƙarfe da aka ɗaura mata a baya musamman don ya rinjayi kayan. Saboda wannan curi ne motar da aka ƙera don ɗaukar kilo 2,500 take da nauyin da ya kusa kilo 4,000 ita kaɗai, watau kimanin ƙananan motoci 3, alhali kuwa a ido ba ta kai ko ɗayansu girma ba. Muddin bayan ya rinjayi gaban, tayoyi huɗu suna ƙasa. Da zarar gaban ya rinjaya, sai tayoyin baya su tashi, kuma da yake da su ake juya motar, direba ya rasa sitiyari a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa. Na sha jin ana yabon dabarar nan ta a sa leburori biyu ko uku su hau bayan motar don su danne ta idan kaya sun fi ƙarfinta, ana ganin wayo ne. Haƙiƙa ganganci ne da rayukan bayin Allah, gama an ƙera sarƙa da ginshiƙi da gatarin motar ne bisa wani ƙayyadadden nauyi, kuma idan kayan suka zame, bayan motar zai faɗo ƙasa da ƙarfi ya watsar da waɗanda ke kai.

A jikin kowace foklif akwai ɗan allon ƙarfe da maƙera suka manna, wanda ke faɗin iyakar abin da za ta ɗauka, kuma a nan ne mas'alar da ta fi shige wa mutane duhu take. Adadin da aka rubuta yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne nisan tsakiyar nauyin kayan daga gindin yatsu, wanda galibi ake ƙiyastawa a santimita 50 ko 60. Idan allon ya ce kilo 2,500 a santimita 50, ma'anarsa buhu 50 masu kilo 50, an jera su daidai a kan falet, an tura yatsu har ƙarshe, kayan sun jingina da gindi. Amma in aka kawo wani dogon akwati wanda tsakiyar nauyinsa ta yi nisan mita guda, to, motar nan da kanta ba za ta aminta da abin da ya kai kilo 1,700 ba, ko da yake ba a canza mata kome ba, domin gwargwadon nisan kaya daga tayoyin gaba, gwargwadon ƙarfin da suke jan motar da shi. Haka kuma iyakar tana raguwa idan aka ɗaga kaya can ƙololuwa, ko aka ƙara wa yatsun tsawo, ko aka ɗaura wani abin kama ganga ko dila. Direban da bai san wannan ba zai rantse cewa jiya ya ɗauki abin da ya fi wannan nauyi lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya ɓace masa shi ne na jiya gajere ne, na yau dogo.

Sai batun kifewa ta gefe, wanda ya fi kowane muni. Ko da yake motar tana da taya huɗu, a kan wuri uku take tsaye, saboda gatarin baya an rataye shi ne da ƙusa guda a tsakiyarsa, don ya riƙa lilo idan ƙasa ba ta daidaita ba. In aka ja layi daga tayar gaba ta dama zuwa ta hagu, sa'an nan daga kowaccensu zuwa wannan ƙusa ta baya, za a sami siffa mai kusurwa uku, mai faɗi a gaba, mai tsini a baya. Duk zaman lafiyar motar ya dogara ga tsakiyar nauyinta da na kayanta, a haɗe, ta zauna cikin wannan siffa. Gudu a kan kwana yana tura ta gefe; taka birki da ƙarfi yana tura ta gaba; rami ko ɗan dutse ko guntun katako a ƙarƙashin taya guda yana karkatar da ita; ɗaga kaya sama kuwa yana sa ɗan karkacen da ba a kula da shi a ƙasa ya zama babba a sama. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a yi tafiya da yatsu ƙasa-ƙasa, kamar santimita 10 zuwa 15 daga daɓe, an ɗan kwantar da ginshiƙi baya, kuma kada a ɗaga sai an tsaya cak a gaban inda za a ajiye, kada kuma a juya alhali kaya suna sama. Wani abin da ya saɓa wa zato shi ne motar da ba kome a kanta ta fi saurin kifewa a kwana bisa ga wadda ke ɗauke da kaya ƙasa-ƙasa, domin in babu kaya nauyin yana komawa baya, wajen tsinin nan inda babu fili. Lokacin kuwa da direba ya sauke kaya ya juyo, jikinsa ya saki, shi ne lokacin da ya fi taka wuta.

Idan ƙaddara ta sa motar ta soma kifewa, ɗabi'ar ɗan Adam ita ce ya yi tsalle ya tsira, kuma wannan tsallen shi ke kashe mafi yawan waɗanda suka mutu ta wannan hanya. Mutum yakan yi tsalle ne wajen da motar ke faɗuwa, domin nan ne ƙasa ta fi kusa, sai rumfar ƙarfen da aka yi don kare kansa daga kayan da ke faɗowa ta biyo shi ta danne masa wuya ko ƙirji. Abin da masana suka tabbatar ga motar da ake tuƙawa a zaune shi ne mutum ya zauna daram, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya dafe ƙafafunsa da ƙarfi, ya karkata jikinsa zuwa ɓangaren da ba nan ake faɗuwa ba. Ba wanda zai iya tuna wannan cikin ƙiftawar ido sai wanda aka maimaita masa har ya zauna a jikinsa, kuma ko shi ɗin bel ɗin kujera ne ke riƙe shi. Ina ganin babu wata al'ada da ta fi cancantar a yaƙe ta a sito-siton ƙasar nan kamar ta ɗaure bel a bayan kujera don a huta da shi, bisa hujjar wai ana yawan hawa da sauka.

A Amurka, inda ake ƙidaya irin waɗannan abubuwa, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta bi bayanan mace-mace daga 1980 zuwa 1994, ta tarar ma'aikata 1,021 ne suka rasu ta sanadin wannan mota. Kashi 22 cikin 100 ta hanyar kifewa, kashi 20 cikin 100 kuwa mutane ne da ke tafiya a ƙasa motar ta buge su. Har a 'yan shekarun nan, bayan duk dokokin da aka tsaurara, ana rasa kimanin mutum 70 kowace shekara a can. Kashi na biyun nan, na masu tafiya a ƙasa, ya kamata ya tsaya wa mai karatu a rai, ko da bai taɓa hawa foklif ba, domin magatakardan sito, da mai shara, da direban tirela da ya sauko yana duba lodinsa, da yarinyar da ta kawo tallan abinci, duk suna cikinsa. Da yake da tayoyin baya ake juyawa, gindin motar yakan yi wani faɗin zagaye zuwa waje idan ta sha kwana, ta yadda wanda ya tsaya a gefe yana zaton ya kauce, sai curin ƙarfen nan ya matse shi da bango. Ga ginshiƙi da sarƙoƙi da kaya suna tare wa direba gani. Ga mai batir ba ta da ƙara. Saboda haka aka wajabta wa direba ya rage gudu ya danna hon a kowace kwana da bakin ƙofa, ya waiwaya kafin ya yi baya, in kuma kaya sun tare masa gaba ya tafi da baya yana duban inda ya nufa. Aka kuma wajabta wa mai wurin ya raba hanyar mutane da ta mota, da shingen ƙarfe in da hali, in babu ko da fenti ne.

Sauran ƙa'idodin ba su da wuyar ganewa. A kan gangara, kaya su kasance ta sama koyaushe, watau a hau da gaba a sauko da baya, kuma kada a juya a tsakiyarta. Kafin a shiga cikin tirela ko kwantena a tabbata an sa wa tayoyinta waigi, don kada ta gusa ta bar rami tsakaninta da dakali. Ba a ɗaukar fasinja, ba a tsayawa ko wucewa ƙarƙashin yatsun da ke sama, ba a kuma ɗaga mutum a kan yatsu ko falet don ya canza ƙwan fitila, duk da cewa kowa ya san ana yi. In za a bar motar a sauke yatsu har ƙasa, a ja birkin hannu, a kashe, a zare makulli. Mai aiki da dizal ko gas, in ta daɗe tana aiki a rufaffen sito, tana tara iskar nan mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke hallaka masu kwana da janareta a ɗaki, alamarta ta fari ciwon kai da jiri. Mai batir kuwa tana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a kusantar wurin da sigari. Kowace safiya kuma, kafin a ɗauki kome, akwai duba na wajibi: birki, sitiyari, hon, taya, sarƙa, da yatsun kansu, waɗanda in dugadugansu sun cinye da kashi 10 cikin 100 na kaurinsu ƙarfinsu ya ragu da kusan kashi 20, sai a canza su. Kada a nemi inda mai ke yoyo da tafin hannu, gama man da ke fita ta ɗan ƙaramin huji da matsanancin ƙarfi yana iya huda fata ya shiga nama.

To, ta wace hanya ce mutum ke samun wannan ilmi a wurinmu? Galibi ta hanyar da ake koyon kowace sana'a: yaro ya shiga sito a matsayin lebura, ya riƙa yi wa direba hidima, yana goge mota yana duba mai, wata rana da azahar, lokacin da maigidan nasa ya tafi salla, ya hau ya ɗan matsa da ita, bayan 'yan watanni a ce ai wane ya iya. Ba na raina wannan hanya, domin ita ta fitar da maƙera da masaƙa da makanikai da direbobin da ƙasar nan ke taƙama da su, kuma akwai abin da hannu ke koya daga hannu wanda babu allon da zai koyar. Illarta a wannan fage ita ce almajiri yana ɗaukar abin da ya ga malaminsa na yi, mai kyau da marar kyau, ba tare da sanin dalili ba, kuma haɗarin wannan mota yana cikin abubuwan da ido ba ya gani sai ranar da suka auku. Mai koyon ɗinki in ya kuskure zai ga ɗinkin ya karkace, ya farke ya sake. Mai koyon foklif kuwa zai iya juyawa da kaya a sama sau ɗari bai ga kome ba, har ya ɗauka ƙwarewa ce, alhali kowane juyi yana gab da bakin siffar nan mai kusurwa uku, abin da ya rage kawai ranar da taya za ta taka guntun katako. Iya tuƙin mota ma ba ya wadatarwa, wala'alla ma ya cutar, domin hannun da ya saba da juyawa da tayoyin gaba sai an sake masa tarbiyya.

Ƙasashen da suka riga mu shan wannan ɗaci sun mai da koyarwar doka. A Amurka, tun daga 1999, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, ba ma'aikaci ba, nauyin tabbatar da cewa duk wanda zai hau motar ya sami darasi na baki ko na rubutu, sa'an nan ya yi gwaji da hannunsa a gaban masani, sa'an nan a jarraba shi a ainihin wurin da zai yi aiki. A sake duba shi aƙalla sau ɗaya cikin shekara 3, a kuma sake koya masa in ya yi haɗari, ko ya kusa yi, ko aka ga yana tuƙin banza, ko aka ba shi wata irin motar dabam. Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa an hana shi a masana'antu da sito. A Ingila an kasa horon kashi 3: na asali, wanda ke ɗaukar kwana 3 zuwa 5 ga wanda bai taɓa hawa ba, ana yinsa a keɓe, nesa da hayaniyar aiki, sai na irin motar da irin kayan da zai riƙa ɗauka, sai na sabo da wurin, ƙarƙashin idon wani, bayan haka ne mai wurin zai ba shi izini a rubuce. Hikimar da ke cikin tsarin biyun guda ce, watau takardar shaidar da mutum ya zo da ita daga wani wuri ba ta sauke wa sabon maigidansa nauyi, domin ba ta san gangarar sitonsa ba, ba ta san ƙofar da leburorinsa ke ɓullowa ba.

Nijeriya ma ba ta rasa doka ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta hana a sa mutum aiki da injin da ke iya raunata shi sai an yi masa cikakken bayanin haɗarinsa, an kuma horar da shi sosai ko an sa shi ƙarƙashin kulawar wanda ya san injin. Ta kuma wajabta a riƙa sa masani yana binciken sarƙoƙi da na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci, kuma sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke da alhakin bi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki ko magadan wanda ya rasu. Akwai kuma asusun horar da ma'aikata, ITF, wanda aka kafa cikin 1971, mai hedkwata a Jos, wanda kamfanonin da doka ta shafa ke biya, kuma yakan mayar musu da wani kaso in sun nuna sun horar da mutanensu. Ashe ke nan manajan da ya ce horo tsada gare shi, sau da yawa ya riga ya biya kuɗinsa, bai dai je ya karɓi amfaninsa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne galibin waɗanda ke kusa da motar leburori ne na wucin gadi, waɗanda sunansu ba ya cikin kowane littafi, in abu ya faru sai a sallami iyalinsu da ɗan abin da ya sawwaƙa, a ce haka Allah ya ƙaddara.

Lalle babu mai musun ƙaddara, kuma babu ran da zai wuce ajalinsa. Amma malamanmu na fiƙihu, waɗanda suka fi mu sanin ƙaddara, ba su taɓa mai da ita hujjar sauke lamuni ba: sun hukunta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, sun ɗora wa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta alhakin abin da ta taka, kuma a mazhabar Malikiyya an lamuntar da masu sana'a kayan mutane da suka lalace a hannunsu. In haka shari'a ta yi da mai jaki da mai rini, yaya za ta yi da wanda ya miƙa makullin ƙarfe mai kilo 4,000 ga yaron da bai taɓa karanta allon jikinta ba, sa'an nan ya tsaya a kansa yana cewa ya yi sauri tirela na jira? A ganina kaso mafi girma na alhakin yana wuyan mai wurin da helumansa, domin su ke da ikon ba da makulli da hanawa, su ke sayen taya da sarƙa ko su ƙi, kuma su ne in direba ya ce birki ba ya ci za su ce ya lallaɓa zuwa gobe. Direban da ya san in ya ƙi ɗaukar kayan da suka wuce iyaka za a kawo wani a madadinsa kafin magariba, iliminsa ba zai amfane shi da kome ba, sai an ba shi ikon cewa a'a ba tare da ya rasa abincinsa ba.

Akwai kuma wani sharaɗin da masu shirya horo ke yawan tsallakewa, shi ne harshen da ake koyarwa da shi. Allon jikin motar da littafinta da takardun jarrabawa duk da Turanci suke zuwa, wani lokaci ma da Japananci ko Sinanci in motar ta hannu ce, alhali da yawa daga cikin direbobin da suka fi kowa hannu a Kano da Kaduna karatun allo suka yi, ko suka tsaya a firamare. A tara irin waɗannan a ɗaki, a yi musu lacca da Turanci, a raba musu takarda mai hatimi, wannan biyan buƙatar fayil ne kurum. Abin da na zayyana a sama, na mizani da na kusurwa uku da na nisan kaya, babu wanda mai hankali ba zai gane ba cikin yini guda in an faɗa masa da Hausa, aka kai shi gaban motar aka nuna masa ƙusar gatarin baya da idonsa, aka sa ya karanta lambobin allon da kansa, ya lissafa buhu nawa ke nan. Kuma ya kamata a haɗa da helumomi da leburori da masu gadi, ko da na sa'a guda ne, tun da su ne ke ƙasa.

Saboda haka ina kira ga masu masana'antu da manyan 'yan kasuwar da suka soma sayen wannan mota don sito-sitonsu, da su rubuta sunayen waɗanda aka yarda su hau, su ajiye makulli a hannun mutum guda, su nemi ƙwararren mai koyarwa da ke jin Hausa kafin motar ta ɗauki buhun farko. Kai kuma ɗan'uwa da ke aiki a ƙasa, kada ka gitta gabanta ko bayanta sai kun haɗa ido da direba ya yi maka alama, kuma ko wane ne ya ce ka hau yatsunta, ka ƙi.